Anti Tikiti da Ranar da Jirgin Safe Ya Yi Rarrafe

Duk wanda ya taɓa hawa jirgi a tasharmu ya san Anti Tikiti, ko bai riƙe fuskarta ba ya riƙe muryarta. Tagarta tana hannun dama in ka shigo ɗakin jira, 'yar taga ce mai ragar ƙarfe, da ɗan wuri a ƙasa daidai shigar hannu. Ta nan take miƙo tikiti, ta nan take faɗa, ta nan kuma take tambayar lafiyar mahaifiyarka in ta kwana biyu ba ta gan ta ba. Gajeriyar mace ce mai jiki, ta haura hamsin. Tabarau ɗinta kullum a kan goshi yake, sai ta gama birkice aljihun tebur tana nema wani fasinja ya nuna mata.

Aikin da aka ɗauke ta sayar da tikiti ne, amma babu abin da ba ta yi. Ita ke magana a lasifika in jirgi ya kusa. Ita ke karɓar saƙon da za a aika gaba, ta ɗora a tsohon sikelin da ke bakin ƙofa, ta liƙa masa lamba. Wanda ya manta lema ko jaka a tarago wurinta zai zo, don akwai kwali a ƙarƙashin teburinta cike da huluna da cajar waya da takalmin jariri wari guda. Makullin banɗaki ma a wuyanta yake rataye. In tsohuwa ta zo ba ta san taragon da za ta shiga ba, sai Anti ta rufe taga ta fito ta riƙe mata hannu har kujera. Masu layi su yi ta gunaguni, ita ko a jikinta.

Ma'aikatan tashar ba su da yawa: shugaban tasha, wanda kowa ke kira Masta, sai ita, sai mai gadi da ke haɗawa da shara. Jirgin fasinja yana tsayawa da safe in zai shiga birni, ya sake tsayawa da yamma in ya dawo. Na kaya kam wucewa yake yi, sai dai ya girgiza mana kwanon rufi.

A kwatas ɗin reluwe aka haifi Anti, gidajen nan masu jan bulo da ke bayan tasha, kuma labarin tashar a bakin mahaifinta ta ji shi. Ya ce ba don mutane aka gina ta ba, don ruwa aka gina. A zamanin jirgin kwal, kan jirgi ba ya doguwar tafiya sai ya sha ruwa. To a nan aka dace da rijiya mai ƙarfi, aka kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe, aka yi ɗaki ɗaya na mai kula da famfo. Da jirgi ya fara tsayawa sai fasinjoji suka fara sauka miƙe ƙafa, masu talla suka biyo su, manoma suka ce tunda dai yana tsayawa, ya ɗaukar mana buhuna mana. Aka gina sito, aka shimfiɗa layin gefe inda ake ajiye taragu a yi lodi. Garin ma daga baya ya zo ya samu tashar.

Mahaifin nata shi ne mai juya layi. Can gabas da tasha, a cikin kwana, inda layin gefe ya rabu da babban layi, akwai wani ƙaton ƙarfe da ake ja da hannu biyu. In ya ja shi jirgi ya shiga gefe, in ya mayar jirgi ya miƙe. Nan ne wurin aikinsa, ko rana ko ruwa, da kwat ɗinsa mai maɓallan tagulla da tutoci biyu, ja da koriya. Shi ya sa har gobe Baba Mai Tuta ake ce masa. Tana yarinya ita ke kai masa abinci, kuma ba ya barin ta ta matso. "Can baya," zai ce, "jirgi bai san 'yar wa ce ke ba."

Sai zamani ya canza. Jirgin dizal ya zo, ba ruwansa da tanki. Aka yi kwalta, manyan motoci suka kwashe buhunan. Sito ya zama gidan jemagu, ciyawa ta cinye layin gefe. Aka cire ƙarfen Baba, aka ɗaure layin ya miƙe ɗoɗar, shi kuma aka ba shi ritaya. Daga baya ma jirgin fasinja ya daina tsayawa gaba ɗaya, aka buga katako a tagogi. An yi shekaru a haka, awaki ne kaɗai ke zama a ɗakin jira. A tsakanin nan Anti ta yi aure, kuma duk mazan duniya ba ta tashi aure ba sai direban babbar mota. Baba bai taɓa barin sa ya huta ba. "Kun kashe mana tasha," yakan ce masa, "bai ishe ka ba sai da ka haɗa da 'yata." Ta yi ɗinki, ta koyar a wata makarantar ƙananan yara, ta haifi nata ta raina.

Da aka tashi farfaɗo da layin, aka ce ana neman mai sayar da tikiti. Ta tafi birni ta zauna jarrabawa tare da sa'o'in 'ya'yanta, ta kuwa ci. Ranar da jirgi ya sake tsayawa a tasharmu, Baba ya zo da kwat ɗinsa a goge, ya tsaya a ƙarshen dandamali yana kallo. Ita kuma don ɗoki har ta buga wa mutumin farko hatimi a juye. Aka ba ta gida a kwatas, kusa da wanda aka haife ta a ciki, ta ɗauko iyayenta suka dawo tare.

Bayan rasuwar mahaifiyarta ne Baba ya fara ruɗewa. Da fari ƙananan abubuwa ne. Ya zuba sukari a shayi ya manta ya sake zubawa, ko ya tambaya ina Innarku ta tafi. Sau ɗaya Anti ta gaya masa gaskiya, ya yi kuka kamar a ranar aka yi rasuwar. Daga nan ba ta ƙara ba, in ya tambaya sai ta ce ta leƙa kasuwa. Sannu a hankali shekarun baya-bayan nan suka zube daga kansa, na da suka rage. Ya manta jikokinsa, amma bai manta aiki ba. Da safe zai tashi yana neman takalmi, yana cewa zai makara.

Likita ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, sai dai kulawa. Ƙanenta Auta, da ke aikin ofis a birni, ya zo ya tafi da shi. Ya ce can ga asibiti kusa, ga mai aiki, ga gida mai katanga. Ba a daɗe ba ya dawo da shi. A can Baba ya ƙi abinci, yini yake a bakin taga yana kasa kunne, yana cewa lafiya kuwa yau ba a ji jirgi ba? Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Ranar da ya dawo kwatas jirgin kaya ya wuce, kofuna suka yi ƙara a kan tire, sai ya juyo ya ce a ba shi abinci.

Daga nan rayuwar Anti ta rabu biyu. Maigidanta kullum yana kan hanya, yaran sun tafi karatu. In za ta fito aiki sai ta kulle ƙofar gida ta waje, ta bar shi a tsakar gida da rediyo. Da ta samu sarari ta ruga ta leƙo shi, tunda tsakanin tagarta da gidan tsallake hanya ne kawai. Barci kuwa da kunne ɗaya take yin sa. Mu masu sayen tikiti mun ga idonta ya faɗa, mun ga faɗan nata ya ragu, abin da a wurin Anti alamar rashin lafiya ce. In ka ce, "Anti, ya jikin Baba?" sai ta ce, "Jiki kam ya fi nawa ƙwari."

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa da iska. Gari ya waye fes, ɗakin jira ya cika da ma'aikata da ɗalibai da mata masu zuwa asibiti, har da wani mutum da keken ɗinki a kwali. Ta sallami layin farko, ta ga da sauran lokaci, ta haɗa shayi a kofi ta tsallaka gida. Kwaɗo yana nan a ƙofa yadda ta bar shi. Ta buɗe ta yi sallama. Rediyo na ta surutu shi kaɗai a kan kujera. Ta leƙa ɗaki, ba kowa. Ta leƙa banɗaki, ba kowa. Sai da ta zagaya baya ta ga iskar ta kwantar da kwanon da aka yi shinge da shi, ga hanya a buɗe har waje. Ta koma ɗakin da gudu ta dubi ƙusar da ke bayan ƙofa. Ba kwat, ba tutoci.

Ba ta san inda ta ajiye kofin ba. Sai ganin ta aka yi ta faɗo ofishin Masta, mayafi a hannu.

"Masta, Baba ya fita. Ya ɗauki kwat."

Masta ƙanen bayanta ne a shekaru, bai daɗe da zuwa tashar ba, mutum ne mai sanyin magana. Ya ɗago ya dubi agogon bango. Jirgin safe ya riga ya baro tashar da ke kafin tamu, yana hanya.

"Ta ina kike jin ya bi, Anti?"

"Gabas, wurin aikinsa na da. Ko kuma tanki. Wallahi ban sani ba. Gabas dai."

Ta gabas ɗin jirgin ke zuwa, kuma a kwanar nan direba ba ya ganin gabansa da nisa saboda tudu da bishiyoyi. Masta ya ɗauki oba-oba, na'urar magana da direbobi, ya kira. Ba amsa, sai shuuu. Ya sake kira. Anti ta dafa tebur da hannu biyu. Can dai murya ta fito a yayyanke.

"Akwai mutum a kan layi," in ji Masta. "Tsoho ne, kansa yana ruɗewa. Wajen kwanar gabas. Ka rage gudu tun yanzu, ka shigo da rarrafe."

"Na ji," in ji direban. "Tsoho, kwanar gabas."

Masta ya tura mai gadi ya dubo wajen tanki, ya juyo ya ce mata, "Je ki, ni zan riƙe taga." Kafin ya rufe baki ta fice.

Waɗanda ke dandamali sun ce ba su taɓa sanin Anti na iya gudu ba. Ta sauka a ƙarshen dandamali ta bi gefen layi, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashinta, silifas ɗaya ya tsinke ta bar shi a nan. Ta wuce sito, ta wuce ƙaramar gada inda ruwan jiya ke ta gudu. Numfashi ya fara gagarar ta, ta koma sassarfa, ta sake ɗibar gudu. Daga baya ta gaya min ba ta iya wata doguwar addu'a ba, abu ɗaya take ta maimaitawa: Allah ka sa a gefe yake.

Tana shiga kwana ta hango shi. Yana tsaye a kan dutsen siminti inda ƙarfensa yake a da, tsakanin babban layi da mataccen layin gefe. Ya sa maɓallan kwat har wuya, ƙafa ba takalmi, tutoci a hammata. Har ya ciccire ciyawar da ke kewaye da dutsen ya tara gefe guda. A zamaninsa nan wurin tsayawa ne mai kyau. Amma da aka sake shimfiɗa layin an matso da shi, taragun yanzu kuma sun fi na da faɗi. Duk wanda ya tsaya a nan, jirgi in ya zo ba zai bar shi ba.

"Baba!"

Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Malama, lafiya? Ba a barin fasinja ya zo nan. Koma tasha."

"Baba, ni ce. Zo mu je gida, shayinka na hucewa."

"Ina kan aiki," ya ce. "Matsa."

Ta kama hannunsa ta ja. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan ƙarfe, ko ya tsufa, ba mace mai haki ce za ta ɗaga shi ba. Ya fizge, ya ce in ba ta tafi ba zai kai ƙararta wurin Masta. A lokacin ta ji ƙarfen dogo ya fara 'yar tsuwa, sannan ta ji busa. Dabara ta ƙare mata. Sai ta zagaya ta shiga tsakaninsa da layin, ta rungume shi ta rufe ido.

Jirgin ya ɓullo a hankali kamar mai tafiya a ƙasa, birki na kuka. Ya zo ya tsaya cak, da 'yar rata tsakaninsu. Ta buɗe ido ta ga hancinsa ya rufe mata sama, tana jin zafin injin a fuskarta. Ta zauna daɓas a kan tsakuwa.

Baba kuwa ransa ne ya ɓaci. Ya zaro koriyar tuta yana kaɗawa. "Wa ya ce ka tsaya? Hanya a buɗe take! Wuce mana!"

Direban ya sauko ta tsani. Dattijo ne mai furfura a gemu, da rigar aiki da hula. Ya dubi Anti a ƙasa, ya dubi kwat ɗin, ya dubi tutocin. Mataimakinsa ya leƙo yana cewa su ɗauke shi kawai su ajiye gefe, direban ya ɗaga masa hannu. Ya gyara zaman hularsa, ya tako har gaban Baba ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. An turo ni in karɓe ka."

Baba ya ƙanƙance ido. "Kai ne za ka karɓe ni?"

"Ni ne."

"Ka makara."

"Na makara, ranka ya daɗe. A yi haƙuri, ruwan jiya ne."

Baba ya yi ɗan tsaki, amma fuskarsa ta saki. Ya shiga yi masa bayani: layi a miƙe yake, babu tarago a gefe, ciyawa ta yi yawa a gaya wa leburori. Direban yana cewa to, to. Sannan ya naɗe tutocin ya miƙa masa da hannu biyu, ya sauko daga kan dutsen da kansa, ya yi miƙa kamar wanda ya sauke kaya. Sai a lokacin ya lura da wadda ke zaune a ƙasa.

"Ke kuma me ya kawo ki nan kusa? Ban hana ki ba? Ina takalminki?"

Ya gane ta. Anti ta buɗe baki za ta amsa, kuka ya zo mata, dariya ta biyo baya, ta rasa wanda za ta yi.

Mataimakin direba ne ya hau dutsen ya riƙe tutoci yana ƙunshe dariya, har aka tallabi Baba aka shigar da shi taragon farko, sannan ya zagaya ta ɗaya gefen ya haye. A ciki fasinjoji sun riga sun fara mita, wani mai jakar ofis yana cewa shi fa taro gare shi. Da suka ga tsoho ba takalmi da mace ƙafa na jini, aka yi tsit, aka tashi aka ba su kujera. Mai taron ne ma ya miƙo ruwan gora. Baba ya harɗe a bakin taga yana kallon sito na wucewa, ya ce da na kusa da shi direban nan yana da hannu, ba ya girgiza mutane.

A haka jirgin safe ya shigo tasharmu, a makare, da mai sayar da tikitinsa a ciki. Ina dandamali ranar. Da aka ga ta sauko riƙe da hannun Baba, wata ajiyar zuciya aka yi gaba ɗaya kamar an haɗa baki. Wata tsohuwa ta zauna a kan ƙunshinta tana ta hamdala. Mai gadi ya zo da warin silifas ɗin da wani ya tsinto. Masta ya fito daga bayan taga gumi sharkaf ya ce, "Anti, don Allah karɓi aikinki, mutanen nan sun kusa cinye ni." Ashe tikitin yara ya yanka wa mai keken ɗinki.

Hankalinta bai kwanta nan take ba. Jirgi ba ya makara a ƙyale ba a tambaya ba, kuma Masta ya faɗi abin yadda ya faru. Ba korar aiki ce ta fi tsorata ta ba. Gidan na ma'aikatar reluwe ne. In aka ce mai ruɗewa ba zai zauna kusa da layi ba, to ko dai ta bar aiki, ko Baba ya koma birni ya sake zaman bakin taga. Kwanakin nan ko abinci ba ta iya ci, duk baƙon da ya sauko da jaka sai ta ɗauka shi aka turo bincike.

Wadda aka turo mace ce, sufeto, doguwa marar fara'a. Ta saurari Masta, ta saurari Anti, ta sa takalmin roba ta taka har kwana ta dawo. Sannan ta ce a kai ta ta ga tsohon. Baba ya karɓe ta da girmamawa, ya kuma kai mata ƙarar ciyawa. Da suka fito ta tsaya a ƙofar gida.

"Mutum a kan layi, a tsayar da jirgi. Doka kenan, kuma kun yi daidai," ta ce. "Dutsen can za a fasa shi, tun tuni ya kamata. Za a kuma ja waya tsakanin kwatas da layi." Ta juyo ta dubi Anti. "Amma kada ya sake kaiwa can, Malama. In ya sake, ba ni kaɗai zan zo ba, kuma ba abin da zan iya yi miki."

"Gidan fa?" in ji Anti, murya ƙasa-ƙasa.

"Gidan me ya yi? Ki gyara shingenki." Ta gyara jaka a kafaɗa. "Ni ma tawa mahaifiyar tukunya take ɗorawa a wuta, ba komai a ciki." Ta juya ta nufi tasha. Anti ta jingina da ƙofa ta daɗe a tsaye kafin ta bi bayanta.

Dabarar da ta biyo baya ta Masta ce. Ya ce tunda aiki Baba ke nema, a ba shi aiki. Aka ajiye kujera a barandar tasha, bayan shingen ƙarfe, daidai inda Anti ke hango ƙeyarsa ta tagar gefe. Yanzu kullum da safe tare suke fitowa, shi da kwat ita da makullai. Masta ya miƙa masa tuta, Baba ya zauna a miƙe. In jirgi ya gama ɗibar mutane Masta ya ba da hannu, Baba ya ɗaga koriya. Direbobi kuma sun gaya wa juna, kowanne sai ya yi masa 'yar gajeriyar busa. Jirgi na ɓacewa Masta zai zo ya ce an karɓe shi, daga nan ba gardama, sai ya koma gida ya ci abinci ya kishingiɗa. Ba warkewa ya yi ba. Akwai ranar da zai ɗauka Anti ce Inna, akwai ranar da zai yi ta fushi ba dalili. Amma ya daina neman ƙofa.

Auta ya sauka a jirgin yamma bayan an ja wayar, ya zo da shirin faɗa.

"Haba Yaya, a bakin mutane zan ji? Ai da kin kira ni."

"In kira ka ka yi me? Ka tare jirgin daga birni?"

Ya ce wannan karon ko Baba ya ci abinci ko bai ci ba, tafiya da shi zai yi. Ta ce ta ji, ya bari gari ya waye. Da safe ya tsaya a ƙofar ɗakin jira, hannu a aljihu, ya kalli komai daga miƙa tuta har zuwa busar direba. Ya ga yadda mahaifinsu ya ɗaga hannu bai yi rawa ba. Da suka koma gida bai sake tayar da maganar tafiya ba. Ya zauna ya cire takalmi, ya ce zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako, in bai samu zuwa ba matarsa za ta zo. Sannan ya dube ta da kyau.

"Yaya, yaushe rabonki da barci?"

"Ina yi mana."

"Shiga ki kwanta. Ni zan zauna da shi."

Ta ce ɗan kishingiɗa kawai za ta yi, ya tashe ta kafin jirgin yamma. Ta shiga ta ja labule, ko mayafi ba ta cire ba.

Da ta farka rana ta yi sanyi, inuwar shinge ta rufe tsakar gida. Ta zabura ta fito. Baba da Auta suna zaune a kan tabarma, Baba yana koya masa yadda ake naɗe tuta, yana ta yi masa faɗa wai sabbin ma'aikatan yanzu hannunsu kamar na jarirai. Daga wajen tasha ba a jin komai sai tsintsiyar mai gadi.

"Jirgin fa?"

"Ya zo ya wuce," in ji Auta. "Masta ya riƙe miki. Ya ce duk wanda ya tashe ki, shi zai yi shara gobe."

"Ban ji shi ba," ta ce. "Wallahi ko kaɗan ban ji shi ba."

Ta tsaya tana kallon su, tana murza ido. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Auta, leƙa kicin ka gani ko da sauran abinci. Yunwa nake ji."